Zagayen Lofty na Biyar

Tun kafin a hango su ake jin su. Kofaton Lofty ya kai faɗin faranti, idan ya sauke shi a kan busasshiyar hanyar Murtoa har a ƙirji mutum yake jin dukan. Karnukan gidan Mibus suka fito da haushi, da suka ga ko wane ne sai suka koma ƙarƙashin amalanke. Eben Tregear ne a gaba riƙe da ragama, a ƙasa kamar kullum, don bai taɓa hawa ingarman nan ba, bai kuma taɓa barin wani ya hau ba. Ya kitse masa geza da jan zare, ya wanke farin gashin ƙafafunsa tas, shi kuwa takalminsa ya yi buɗu-buɗu da jar ƙasa.

Traugott Mibus, manomi Bajamushe, yana jingine da ƙofar shinge, lofe a baki.

"Ga ango, ga baransa," in ji shi. "Mijin Yaya, kai kullum ramewa kake, doki yana ƙiba. Abincinka yake cinyewa ne?"

"Gara haka da in ci ruɓaɓɓen kabejinku. Buɗe mana, yaro, ka tsaya kamar turke."

Yaron nan furfura ta gama cin gemunsa. Amma yayarsa Paulina Eben ya aura, kuma ko da ta rasu shekara shida da suka wuce, wasan da ke tsakaninsu bai bi ta kabari ba.

Aikin Eben ke nan. Daga Oktoba zuwa ƙarshen Disamba yake jan ingarman gona-gona, duk mako biyu ya dawo inda ya fara, mai goɗiyar da ta nemi namiji ya fito da ita a yi barbara. Manomin alkama ba ya iya ajiye ingarma, amma ba ya noma sai da manyan dawakin garma, don haka duk gidan da Eben ya shiga akwai gadonsa, akwai kujerarsa kusa da murhu.

Sai dai akwai ƙa'idar da kowa ya sani a yankinmu na Wimmera, ko da yake ba a rubuta ta a ko'ina ba. Shekara huɗu ingarma yake yi a zagaye ɗaya. A ta biyar 'ya'yansa mata na fari sun cika shekara uku, sun isa barbara, kuma ba a haɗa uba da 'yarsa. Kafin lokacin ake musanya shi da wani daga nesa, jinin can ya zo nan, na nan ya tafi can. Wanda ya taka wannan ƙa'ida ba kotu ake kai shi ba. Duƙusan da za a haifa su ne ke tona shi: wani makaho, wani bakinsa a karkace, wani gwiwarsa ba ta ɗaukar jikinsa.

Wannan zagaye kuwa shi ne na biyar.

Hulda, matar Traugott, ce ta tayar da zancen a kan abincin rana, tana yanka masa naman da ta kyafe da kanta.

"Na ji mutumin ƙetaren kogin Murray ya sake aiko maka."

"McPhail. Ya aiko."

"To?"

"Na ga dokin da yake so ya ba ni. Kansa kamar akwati, ƙafarsa kamar ta kujera."

"Ai a wurinka duk dokin da ba Lofty ba jaki ne," in ji Traugott.

"Shekara ɗaya kawai zan ƙara. 'Ya'yansa na san su gida-gida. A gabana aka yi cikinsu, rabinsu da hannuna na jawo su daga cikin uwa. Wadda duk na ga tasa ce, sai in ce a kai ta wani wuri. Ina abin wahala a nan?"

Hulda ta ajiye wuƙar ta dube shi. Ta san gidansa na Rupanyup, ta san tun da aka fitar da Paulina bai ƙara kwana a ɗakin ciki ba, kuma shekara na zagayowa ya tafi Melbourne ya karɓo dokin nan daga jirgin ruwa.

"Ba dokin ne ba ya iya rabuwa da mu ba, Eben," in ji ta.

"Miƙo mini burodi," in ji shi.

Bayan sun ci, Traugott ya ja shi bayan barga yana murmushi kamar mai ɓoye alewa. Sabuwar goɗiya ya sayo a kasuwar Hamilton, tafiyar kwana huɗu kudu da mu. Ja ce mai duhu, ƙirji faffaɗa, ya sa mata suna Minna. Dillalin ya ce a bakin teku aka haife ta, ubanta wani doki ne daga Tasmaniya.

"Baƙuwa fil," in ji Traugott. "Ita kam ba ruwanta da ƙa'idarku."

Eben ya buɗe mata baki ya duba haƙora. Shekara uku. Ya ɗaga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ya shafa bayanta, sannan ya zura hannu ƙarƙashin geza kamar yadda ya saba. A nan yatsunsa suka tsaya. Bayan kunnen hagu gashin ya murɗe wuri biyu, ɗaya saman ɗaya, kamar cibiya biyu. Lofty yana da shi. Yawancin 'ya'yansa suna da shi. Eben ya sunkuya ya leƙa cikinta, ya ga wani farin tabo mai tsawo ta gefen dama, sai ya tuna inda ya taɓa ganinsa: a jikin wata duƙusa jiƙe da ruwan haihuwa, a gonar Con Hartigan. Shekarar da fari ya ƙone alkamar Hartigan ya sayar da uwar da 'yar ga wani dillalin kudu, ya kwashe iyalinsa ya bar yankin.

Ya daɗe a sunkuye. Idan ya faɗa, Traugott ba wawa ba ne, zai ce tunda guda ta je Hamilton ta dawo da sabon uba, nawa ne suka yi haka ba a sani ba? Kafin yamma zancen ya kai maƙera, kafin Lahadi ya kai ƙofar coci, zagaye ya ƙare ke nan. Ya ce wa ransa ai akwai wasu dawakin masu irin wannan murɗi. Ya ce farin tabo ba shaida ba ne.

"Yaya ka gan ta?"

"Goɗiya ce mai kyau."

"Shi ke nan? Kai da kake samun aibu ko a jikin mala'ika?"

"Riƙe mata kai," in ji Eben, ya tafi ya kwanto Lofty.

Wasu daga baya sun so su wanke shi, suka ce ƙila bai tabbatar ba. Kada a yaudari kowa. Ya sani.

Abin da shirunsa ya samo masa wata uku ne. Zagaye na ƙarewa ya je ya sa maƙeri ya rubuta wa McPhail, ba tare da kowa ya matsa masa ba. A watan Maris ya ja Lofty a ƙasa har bakin Murray, ya miƙa ragamar, ya karɓi mai kai kamar akwati, ya juyo bai waiwaya ba. Mutane suka yaba masa, suka ce tsohon ya ji magana.

Satumba ta gaba Traugott ya aika a kira shi, Minna ta haihu. Eben ya kama hanya. Ya shiga barga ya tarar da ɗan duƙushi namiji tsaye a kan ƙafafunsa huɗu yana shan nono. Ya kaɗa masa hannu a gaban ido, ya ƙifta. Ya duba baki, daidai. Ya matsa gwiwoyi, ƙam. Bai taɓa ganin Lofty ya haifi kamarsa ba. Hulda ta sa masa suna Adler, ta yi waina mai kirfa, Eben ya ci har uku. A ransa ya ce Allah ya rufa asiri, kuma maganar ta mutu, don duk duƙushi namiji na manomi fiɗiye shi ake yi in ya shekara, jininsa ya tsaya a kansa. Eben ne ma mai yi wa yankin wannan aiki.

Da shekara ta cika ya zo da sassafe da igiyoyinsa da wuƙarsa a naɗe cikin fata. Ya gama da 'yan maruƙa biyu, ya nufi inda Adler yake.

"Mayar da wuƙarka, mijin Yaya. Wannan ba za a taɓa shi ba."

"Kamar yaya?"

"Dube shi mana! Wa ke fiɗiye irin wannan? Mahaukaci?"

"Manomi ba ya ajiye ingarma. Zai karya maka shinge, ya ciji yaranka."

"Zan gina masa barga da katakon da ko giwa ba ta karyawa."

"Su wa zai hau? Rabin goɗiyoyin yankin nan ubansu ɗaya da shi."

"Uba ɗaya uwa daban, an saba yi, ba a ga aibu ba, muddin uwar baƙuwa ce. Kai ka koya mini. Uban uwarsa na Tasmaniya ne." Traugott ya cire lofe ya nuna shi da shi. "Ko kishi kake yi? Ka ga ɗan kabeji zai yi dokin da ya fi akwatinka?"

Eben ya buɗe baki. Babu kowa a wurin sai su biyu da dokin. Amma Traugott ya riga ya juya, ya ɗora haɓa a kan shinge yana kallon duƙushin, ya ce da ƙaramar murya, ba da wasa ba:

"Mahaifinmu shekara talatin yana riƙe wa wani mai gona ragama a can ƙasarmu. Ko akuya bai mallaka ba. Da Yaya Paulina tana nan ta ga wannan."

Eben ya naɗe wuƙarsa. "A ba shi shekara mu gani," in ji shi.

Shekarar ta zama biyu. Duk mako biyu a lokacin zagaye yana zuwa gidan. A hanya yakan shirya maganar, har ya faɗe ta a fili ga dokin McPhail, wanda ba ruwansa. Yana isa ƙofar shinge Traugott zai tare shi da zolaya, ya ja shi ya ga sabuwar barga, ya ga yadda wuyan Adler ya cika, sai maganar ta koma ciki. Ya yi ta sa rai wani abu zai faru da zai ɗauke masa nauyin: dokin ya yi mugun hali, ko ya gurɗe, ko wani daga nesa ya zo ya tafi da shi inda babu 'yan'uwansa. Ba abin da ya faru. Adler ya girma lafiya lau, yara ma suna wucewa ta ƙarƙashin cikinsa.

A watan Agusta ake nunin ingarmu a Horsham, kafin lokacin barbara. Ana jan su ɗaya bayan ɗaya ta babban titi, manoma tsaye a kan amalankensu, masu goɗiya suna zaɓen wanda za su jira. Kowane mai ja idan ya kai gaban barandar masauki sai ya tsaya ya faɗi asalin dokinsa da ƙarfi: ubansa, uwarsa, uban uwarsa. Ba a neman takarda. Bakin mai ja shi ne takarda, kuma a Wimmera babu bakin da ya kai na Eben Tregear.

"Kai za ka ja shi," in ji Traugott mako guda kafin ranar. "Ni in na ga taro Turancina guduwa yake, ya bar ni da Jamusanci."

"Ka sa wani."

"Wa? Kai ka haɗa iyayensa. Kada ka ba ni kunya, tsoho."

Ranar an yi ruwa da safe, titi ya yi taɓo. Traugott ya zo da Hulda da yaransa cikin kayan coci, ya sayi sabuwar hula baƙa mai faɗin baki. Adler ne na bakwai. Da ya shigo titi surutu ya ragu, sannan ya tashi fiye da da. Eben yana tafe yana ganin fuskoki, kuma kowace fuska ya san abin da ke ɗaure a bargarta. Ga tsoho Gebert mai 'ya'yan Lofty uku. Ga 'yan gidan Kelm mai biyu. Ga gwauruwa Misis Dunstan, wadda goɗiya ɗaya tak gare ta, ita ma 'yar Lofty, da ita take noma, da ita take zuwa coci. Ta ɗaga masa hannu.

"Eben! Ni ce ta farko, ka ji? Kada ka wuce ƙofata!"

Eben yana saurayi ya yi aiki a wata babbar gona inda aka bar jini ya yi ta komawa kansa. Shi aka riƙa ba bindiga ya kai nakasassun duƙusan bayan tudu.

Ya tsayar da dokin a gaban baranda.

"Adler, shekara uku, na Traugott Mibus na Murtoa. Ubansa Lofty, wanda aka kawo daga Scotland. Uwarsa Minna."

Dokin ya kaɗa kai, zaren gezarsa yana rawa.

"Uban uwar fa?" wani ya ɗaga murya daga kan amalanke. "Ko ka haɗiye shi da shayi?"

Aka yi dariya. Traugott ma yana dariya, yana motsa baki yana tuna masa, Tasmaniya, Tasmaniya.

"Uban uwar ma Lofty ne," in ji Eben. "Minna 'yar goɗiyar Con Hartigan ce, a gabana aka haife ta. Duk mai shakka ya je ya ɗaga gezarta. Na gane ta tun ranar da na haɗa su. Mai ita bai sani ba. Kada wanda ke da 'yar Lofty ya kai ta ga dokin nan."

Aka ji ɗigar ruwa daga rufin baranda. Misis Dunstan ta sauke hannunta. Can baya wani da ya fara sha tun safe ya ce, "Kai, Bajamushe, ashe dokinka kakansa ne ya haife shi!" Wasu suka tuntsure da dariya, wasu suka ce masa ya rufe baki.

Traugott ya sauko cikin taɓo. Ya zo ya zare ragamar daga hannun Eben, yatsa bayan yatsa, bai dubi fuskarsa ba. Babu hanyar fita sai ta gaba, don ingarma na takwas ya riga ya toshe baya. Haka ya ja dokinsa tsawon titin nan duka, tsakanin mutane, Hulda da yara suna biye.

Wani mutum daga Dimboola aka kira ya yi fiɗiyar. Doki mai shekara uku ba ya ɗaukar wuƙa da sauƙi, ya yi mako biyu a kumbure ana zaton ba zai tashi ba, amma ya tashi. Eben ya yi zagayensa na wannan shekara. Ba wanda ya kore shi, wasu ma sun ce ya kyauta. Sai dai yanzu idan ya faɗi asalin doki akan ce, "To," sannan a tambayi wani. Hanyar Murtoa kuwa ya daina bi. Shekara ta gaba ya mayar wa McPhail da dokinsa, bai karɓi komai a madadinsa ba.

Sai a watan Mayu na bayan wannan ya taka zuwa can, hannu a aljihu, lokacin da ake huɗar alkama. Ya tarar da Traugott a gonar bakin hanya yana bin garma. Minna ce a hagu, Adler a dama, kafaɗa da kafaɗa, ƙasa tana kifewa a bayansu baƙa wuluk. Eben ya tsaya a bakin shinge har suka iso ƙarshen kunya. Traugott ya tsayar da dawakin don su huta. Dama a nan yake tsayar da su.

"Sannu da aiki."

"Sannu, Mista Tregear."

"Yana ja da kyau."

"Yana ja."

Eben ya riƙe wayar shingen. "Traugott, da na yi shiru ran nan..."

"Da na lalata wa mutane dawaki, na sani. Da Misis Dunstan ta rasa abin noma. Ban ce ka yi ƙarya ba." Ya sunkuya yana kankare laka daga bakin garma da tsinke. "Sau nawa ka zauna a teburina cikin shekarun nan?"

Eben ya saki wayar shingen.

"Ga bayan barga nan, ba kowa, ni da kai. Da na zage ka, na zagi ramin ma'adinan da ubanka ya haƙa a can garinku Cornwall, ƙila in kai maka naushi ɗaya. Da yamma mu sha kofi." Ya jefar da tsinken ya miƙe. "Amma ka bari sai da na sayi hula."

Ya naɗa linzami a hannu, ya yi wa dawakin ƙwaƙƙwafi da harshe. Uwa da ɗa suka jingina da ƙirji, sarƙoƙi suka miƙe, garma ta juya ta shiga sabuwar kunya. Eben ya gyara tsayuwa a jikin shinge yana jiran su zagayo. Gonar doguwa ce ƙwarai.